Saniyar Laka a Fangalin Maharazu

Wa ya aike ku ku tambaye ni? Kai Fatihu, sauke hannunka daga kan sif ɗin nan kafin in sauke maka shi da kaina. Tun da kuka zo hutu gidan nan ba wanda ya leƙa randa ya ga ko akwai ruwa, ba wanda ya ce Iya kawo in tsince miki shinkafa, sai saniyar laka ce ta tsone muku ido. Wai me ya sa take durƙushe. Durƙushe take don ta fi ku ladabi. Ke Aziza, rufe bakin nan kafin ƙuda ya shiga. Ku zauna. Sau ɗaya zan faɗa, wanda ya katse ni ya kwana bai ji ƙarshe ba.

Saniyar Nafisat ce, 'yar kawunku Yusuf. Ta gina ta shekarar da za ta fita daga rabin aji. Ku da kuka san Nafisat yanzu, baki kamar rediyo, ba za ku yarda ba, amma a lokacin yarinyar nan ba ta magana a gaban mutane. A gida ta ishe ni da surutu, da ta taka ƙofar makaranta sai ta zama dutse. Shekara ta zo ƙarshe malamarsu, Anti Zuliha, ba ta san kalar muryarta ba.

Rannan Anti Zuliha ta same ni ina turara shinkafa, ta durƙusa ta ce, "Iya, hedimasta ya ce Nafisat za ta maimaita rabin aji. Wai ba zai kai yarinyar da bai taɓa jin bakinta ba aji ɗaya."

Na ce, "Jikata? Ta koma ta zauna da masu majina, sa'o'inta su wuce?"

Ta ce, "Na roƙe shi. Ya ce in ta tsaya ranar bikin ƙarshen shekara ta yi magana a gaban iyaye, ya ji da kunnensa, ta wuce."

Dabarar yarinyar nan Zuliha mai kyau ce, ban raina ba. Kowane yaro ya gina abin da yake so da laka, a shanya, ranar biki ya riƙe abinsa ya faɗi sunansa da sunan abin. A kai su yawon ganin injin shinkafa a Kura, a yi waƙa a tsakar makaranta, a sha zoɓo, kowa ya tafi gidan ubansa. Nafisat ta gina saniyar nan, ta sa mata suna Madara. Abin mamaki, in saniyar tana hannunta sai bakinta ya buɗe. Ta kalle ta ta ce, "Sunana Nafisat Yusuf, wannan saniyata ce, sunanta Madara." In ka karɓe saniyar, shiru kamar an ɗauke wuta. Na ce to, magani ya samu.

Sai Maharazu ya ji labari.

Kun san shi, ƙanin marigayi kakanku. Lokacin da aka kawo ni gidan nan yawo yake ba wando, ni na raba shi da fitsarin kwance, saboda haka ba abin da zai faɗa min. Ba shi da ɗa ko jika a makarantar nan. Amma ranar da aka kira taron zaɓen shugaban iyayen yara kowa yana gona, shi kaɗai ya je, ya zaɓi kansa, ya tafa wa kansa. Kuma a lokacin yana da wani gashin baki, baƙi sidik, ya tanƙware sama kamar ƙahon rago. In zai yi ƙarya sai ya murza shi. Kullum hannunsa yana wurin.

Ya shigo min gida yana murzawa. "Matar Yaya, na ji wai za a yi biki a tsakar makaranta kamar sunan akuya. Ni da na ga yadda ake yi a birni? Ranar da na kai tumatir Kano na leƙa wata makaranta ta katanga, na ga komai da idona. Bana sai mutanen Bunkure da Garun Malam sun zo koyon biki a wurinmu."

Na ce, "Ta katanga ka gani?"

"Katangar gajeriya ce."

"Maharazu, ka yi abin da za ka yi. Amma in ka ɓata wa Nafisat ranarta, sai na tuna wa duk garin nan tabarmar da nake shanya maka."

Ya ce in kwantar da hankalina, ya ɗebi gyaɗata ya fita.

Da hula ya fara. Wai a birni yaran da suka gama sai an ɗora musu wata hula mai faɗi kamar tire, da igiya tana reto. Ya tara kwalayen taliya, ya zaunar da yaran suna yanka, ya dama talgen rogo don liƙi. Anti Zuliha ta ce akwai gam a ofis. Ya ce gam na malalata ne. Ya zuba sukari a talgen, wai don hular ta yi ƙyalli. Aka jera hulunan a kan gajeriyar katangar gidansa su bushe.

Da la'asar muka ji Iyatu matarsa tana salati. Muka fita. Awakinta sun hau katangar sun yi walima. Babu hula ko ɗaya sai gutsattsari, ga uwar garken tana tsaye tana tuƙa, igiyar hula tana reto a bakinta.

Iyatu ta ce, "Malam, ga shi akuyata ta riga yaran gama makaranta."

Ya ce, "Dama gwaji ne. Na ga kwalin ba shi da ƙwari."

Washegari ya bi gida gida yana karɓar faifai, wai shi ne hular asali, Turawa ma a wurinmu suka gani. Har ranar bikin ba a rufe tuwo a unguwar nan ba. Nawa guda biyu ya ɗauka ina sallah, don ya san ba zan katse ba.

Sai ranar yawo. Aka cika a daidaita sahu biyu da yara, na shiga ta gaba don ban yarda da kowa ba. Nafisat tana gefena da Madara a cikin hijabi. Tun daga gida har Kura Maharazu yana ba direbanmu Lukmanu labarin mai injin. Wai amininsa ne, tare suke cin abinci, ba ya sayen sabon inji sai ya shawarce shi.

Muka isa, mai gadi ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Baba, in ɓuntun shinkafa ka zo ɗiba, ta baya ake bi."

Maharazu ya juyo ya ce mana, "Sabo ne."

Mai gadin ya ce, "Tun ana gina wurin nan nake nan."

Anti Zuliha ce ta yi magana aka buɗe mana, dama ta riga ta nemi izini. Muka tarar ba wuta, inji yana tsaye. Wani ma'aikaci ya fara nuna wa yaran inda ake zuba shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, Maharazu ya ture shi gefe, ya kwashe su ya zagaya da su baya, wurin wani ƙaton bututu da ke tofar da ɓuntu. Ya sa yaran suka ja baya, shi kuwa ya tsaya daidai ƙarƙashin bakin bututun.

Ma'aikacin ya ce, "Baba, matsa daga nan, ana iya kawo wuta."

Ya murza gashin baki. "Yaro, ko an kawo, ba mai tayar da injin nan ina wurin sai na ɗaga hannu haka."

Ya ɗaga hannun. Allah da ikonsa, a daidai lokacin aka kawo wuta, na ciki kuwa bai san da wani Maharazu a duniya ba, ya danna abinsa. Ƙuuu! Kafin ka ce me, babu Maharazu, sai tulin ɓuntu da hannu ɗaya a sama.

Yara suka zube ƙasa don dariya. Wani yana birgima, wata ta saki fitsari. Da aka tono shi, ɓuntu a kunne, ɓuntu a hanci, gashin bakin ya zama kamar tsintsiyar laushi, abin da ya fara cewa shi ne, "Kun gani? Ina ɗagawa ya tashi."

Lukmanu ya rantse ba zai zauna masa a kujera ba. A tsaye ya dawo, maƙale a gefe, hannu ɗaya yana riƙe da ƙarfe, ɗaya yana susa. Na ji Nafisat tana raɗa wa saniyarta a cikin hijabi, "Madara, kalli Kaka."

Mai hankali da ya tsaya nan. Shi kuwa sai ya je makaranta ya duba abubuwan da yara suka gina, 'yan tukwane, 'yan shanu, wayar hannu, wani ma injin ban ruwa ya yi har da tiyo. Ya taɓe baki ya ce sun yi ƙanana, mai unguwa ba zai hango daga kujerarsa ba. Shi zai gina bijimi ya zama uban garke. Ya kwaɓa laka kamar mai ginin ɗaki, ya tayar da wani abu girman rago, ba ka ce sa ne ba, ba ka ce jaki ne ba. Da ya ɗora kan sai ya faɗo. Ya sake ɗorawa, ya sake faɗowa. A ranar ce taɓaryata ta ɓace.

Na juye gidan nan kaf. Sai da na je na ga bijimin ya tsaya da kansa a miƙe, ga wani itace mai santsi ya leƙo ta bayansa.

Na ce, "Wannan fa?"

"Wutsiya ce."

"Wutsiyar da nake daka da ita tun kafin ka yi kaciya?"

"Matar Yaya, aro ne. Bayan biki za ki samu abinki har da tarihi."

Saura wurin biki. Ya ce tsakar makaranta ta yi kaɗan, a fangalinsa na shinkafa za a yi. A shekarar damina ta fara sannan ta ɗauke ƙafa. Kowa ya yi huɗa ya baje, irin shinkafa ya isa dashe, ba ruwan sama, ido duk yana kan kanal ɗin ban ruwan gonaki ana jiran a saki ruwa. Fangalin Maharazu yana nan a bushe, a baje kamar faranti, a bakin 'yar kanal ɗin da ke kai ruwa layinmu.

Na ce, "In aka saki ruwa fa?"

Ya murza. "Ruwa ba ya motsi daga getin kanal sai an ji daga bakina. Kuma ko an saki, ba ranata ba ce, masu ƙarshen layi ne za su fara sha."

Iliyasu yana wurin. Shi ne mai gonar can ƙarshen layi, wanda kullum ruwa ke isa wurinsa kamar fitsarin ɗan akuya. Ya ce, "Gonarka ai ba ta san rana ba, Maharazu. Ko ranar wa ce, ita ke fara jiƙa."

"Albarka ce, Iliyasu. Ƙasar ce haka, danshi ne da ita tun kakanni. Hassada ba za ta kai ka ko'ina ba."

Don ya rufe bakin kowa, ya tara mutane, ya cika buhuna da ƙasa, ya toshe mashigar ruwan gonarsa a gabansu, ya hau kai ya yi tsalle. Kowa ya shaida.

Ranar biki gari ya waye tas. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an aro lasifika da batir. Mata sun ci kwalliya, maza sun sha guga. Mai unguwa da hedimasta suna babban tebur. Yaran kuwa an ɗaure musu faifai a ka da tsumma ta ƙarƙashin haɓa, kowanne da zangarniyar shinkafa tana reto, sun yi kamar tukwanen tuwo masu ƙafa. Na hango nawa guda biyu, na yi musu alama da ido.

Maharazu ya fito cikin babbar rigar da ya yi aure da ita, ta sha sitati har tana ƙara. Ya kafa bijiminsa a kusurwar fangalin, ya ajiye kujerarsa kusa da shi a gindin kunyar gonar, ya ce duk yara su jera abubuwansu a ƙasa kewaye da bijimin, in an kira yaro ya zo ya ɗauka. Kowa ya ajiye. Nafisat ta ƙanƙame Madara.

Ya durƙusa ya ce, "Haba amaryata. Kawo ta nan kusa da ni. In ko ƙuda ya taɓa ta, ki sa a aske min gashin bakin nan."

Ta kalle ni. Na ce ta ba shi, tunda za ta ɗauka kafin ta yi magana. Ita da kanta ta nemi wani ɗan hoge mai tudu ta ɗora ta a kai, ta dawo tana waige.

Ya karɓi makirfo. Ya gaishe da mai unguwa, ya gaishe da hedimasta, ya gaishe da kansa. Ya ba da tarihin katangar Kano. Zoɓo ya fara ɗumi, jarirai suka fara kuka, ba a kira yaro ko ɗaya ba. Yana cikin bayanin yadda inji ke tashi in ya ɗaga hannu, sai ga wani a kan babur ta kan hanyar kanal yana ihu:

"An saki ruwa! An saki ruwa!"

Ku 'yan Madobi ba ku san wannan kalmar ba. A nan ko ɗaurin aure ake, in aka faɗe ta, liman zai waiga ya ga shi kaɗai ne da goro. Maza suka miƙe gaba ɗaya, kujeru suna faɗuwa, ana naɗe ƙafar wando ana tsallake kunya. Wanda ranarsa ce ya tafi tare ruwa, wanda ba ranarsa ba ya tafi gadin kada a cuce shi. Mai unguwa ya ce zai je ya dawo, ya tattare riga. Ban taɓa sanin mutumin nan yana da gudu ba.

Hedimasta ma manomi ne. Na ga ya fara zare jiki, na kai hannu na damƙe masa gefen riga.

"Iya, irina zai bushe."

"Ya bushe. Ba inda za ka sai ka ji muryar jikata."

Maharazu yana ta ihu a lasifika, "Jama'a ku zauna! Ba da izinina aka saki ba! Nan wurin a toshe yake, ko ɗigo..."

Sai muka ji ɓul. Ɓul-ɓul-ɓul. Daga bayan kujerarsa.

Ya waiga. Na ga fuskarsa ta sauya kamar wanda ya tuna ya bar tukunya a wuta. Ashe albarkar nan ta kakanni bututun roba ne ya binne a ƙarƙashin kunya tun shekarun baya, daga 'yar kanal zuwa cikin gonarsa, ya rufe bakin da ciyawa. Ya daɗe yana cewa albarka ce har shi ma ya yarda. Ya toshe ƙofar da kowa ya sani, ya manta ta ɓarayi.

Ya ajiye makirfo a tebur, ya yi wata irin tafiya ta baya-baya, ya shure kujerarsa gefe, ya zauna daɓas a ƙasa a kan bakin bututun.

Anti Zuliha ta ce, "Baba, lafiya?"

"Na gaji ne. Manya a ƙasa suke zama. Ku ci gaba da biki."

Ruwan da aka daɗe ana riƙewa a geti ba mazaunin Maharazu ne zai tare shi ba. Ya fara tsartuwa ta dama, ya gyara zama, ya tsartu ta hagu. Babbar rigar ta kumbura ta tashi kewaye da shi kamar lema. Ruwa ya malalo cikin fangalin, ƙasar huɗa kuwa tana jin ruwa ta zama kunu. Kujerun roba suka fara nutsewa da matan da ke kai. Wata ta miƙe ta bar takalmi ɗaya, ta koma nema ta bar ɗayan. Iyatu ta ɗora kular zoɓo a ka tana cewa, "Wayyo Malam, albarkar ce ta biyo mu har nan?"

Yara kuwa sallah ta zo musu. Iya idon sawu ne ruwan, suka faɗa ciki suna tsalle, suka kwance faifan suna tura su kamar jirage. Ga nawa can yana tafiya da zangarniya a kai. Anti Zuliha tana kamo wannan, wancan yana zillewa. Na ɗaga Nafisat da hannu ɗaya na ɗora a kan babban tebur, na koma ina jan yara ta kunne zuwa kan kunya, ɗaya hannun yana nan a rigar hedimasta. Duk inda na yi, sai ya bi ni.

Ruwa ya isa garke. 'Yan tukwane suka narke, wayar hannu ta narke, injin ban ruwa ya sha ruwa ya mutu. Bijimi ya yi ɗan jim, ƙafafunsa suka saki, ya sulale a hankali ya jingina kansa a kafaɗar mai shi, sannan kan ya zame ya faɗa masa a cinya. Taɓaryata kaɗai ta rage a tsaye. Saura Madara a kan hogenta, ruwa ya kewaye ta yana lasar ƙafafunta. Tana kusa da Maharazu, amma ba inda hannu zai kai yana zaune ba. Na ga ya miƙa, ya miƙa, saura kaɗan, ya kasa.

Sai ga Iliyasu da shebur, da mutanen ƙarshen layi a bayansa. Sun je gonarsu sun ga ruwa bai iso ba, suka biyo 'yar kanal suna neman inda ya maƙale. Ya tsaya a kan kunya ya leƙo.

"Maharazu, a kan me kake zaune?"

"A kan gonata."

"Tashi mu gani."

"Ina hutawa."

"A cikin ruwa?"

"Likita ne ya ce in riƙa yi. Basir."

"To albarkar ta ƙarƙashinka take fitowa?"

"Iliyasu, ka girmama taro, akwai yara a wurin."

Ana cikin haka lasifika ta yi wata ƙara, sai muka ji murya ta cika filin har kanal, har tsuntsaye suka tashi daga kan dalbejiya:

"KAKA MAHARAZU! SANIYATA! MADARA ZA TA NARKE! KAI KA CE BA ABIN DA ZAI TAƁA TA! TASHI KA ƊAUKO MIN!"

Kowa ya juya. Nafisat ce tsaye a kan tebur, makirfo a hannu biyu, faifai ya karkace a ka, hawaye shaɓe-shaɓe. Ba saniya a hannunta, ba komai.

Anti Zuliha ta ɗora hannu a ka ta ce, "Ta yi magana! Wallahi ta yi magana!"

Na jijjiga rigar hedimasta. "Ka ji, ko in sa ta ƙara?"

"Na ji, Iya. Har Bunkure an ji. Ta wuce."

"Faɗa da ƙarfi."

"TA WUCE AJI ƊAYA!"

Amma ita ba aji ne a gabanta ba. "KAKA! TANA DURƘUSAWA!"

Maharazu ya kalli Iliyasu da sheburinsa. Ya kalli mutanen da ke kan kunya, har mai unguwa ya dawo yana haki. Ya kalli yarinyar. Ya kai hannu zai murza gashin baki, ya fasa. Allah ya gani, wawa ne amma ba mugu ba. Ya ce, "Wayyo ni," ya miƙe.

Ruwa ya yi tsiri sama kamar an fasa rijiyar burtsatse, ya wanke ciyawar, ga bakin bututu baƙi ƙirin kowa yana kallo. Shi kuwa ya yi sufa ya cafe saniyar, ya cire hularsa ya saka ta a ciki, ya ɗaga sama. Santsi ya kwashe shi ya faɗi rigingine, laka har kunne, amma hannun nan da hular yana sama bai sauko ba. A haka ya rarrafa da gwiwa har tebur ya miƙa mata.

Ƙafafun gaba sun riga sun yi laushi sun lanƙwashe. Shi ya sa kuka gan ta a durƙushe.

Iliyasu da mutanensa suka kama bututun suna ja, yana fitowa, yana fitowa, kamar ba zai ƙare ba. Iliyasu ya rataya shi a wuya ya ce, "Mai unguwa, ga kakannin Maharazu mun tono." Nan take aka yanke: gonarsa ce za ta sha ruwa ƙarshe har a yi girbi, kuma shi zai yashe 'yar kanal ɗin daga geti har gonar Iliyasu.

Kuna zaton ya yi shiru? Yana tsaye laka tana ɗiga, ya ce, "Duk shiri ne. Na san yarinyar ba za ta yi magana ba sai an tsorata ta. Hedimasta, ka rubuta dabarar, kyauta na ba ku."

Na je na zare taɓaryata daga gawar bijimin. Yana ganin na juyo da ita ya ce yana da uzuri a gida.

Nafisat kuwa ta ƙi sakin makirfo. Ta faɗi sunanta, ta faɗi sunan Madara, ta ba da labarin akuyar da ta ci hula, da na ɓuntu, ta faɗi wanda ya yi fitsari a Kura. Sai da aka cire batir. Kafin a cire, abin da ta rufe da shi shi ne, "KAKA YA CE A ASKE MASA GASHIN BAKI!"

Da yamma ni da kaina na aika aka kira wanzami. Ya roƙa, ya ce wasa yake da jikarsa. Na ce a gaban mai unguwa ka faɗa, kuma ƙuda ka ce, wannan kuwa kanal guda ce ta taɓa ta. Iyatu ta riƙe madubi. Tun daga ranar bai sake tsayar da shi ba, amma ku lura, har yau in zai yi ƙarya sai ya kai hannu wurin ya murza iska.

Gobe zai shigo cin ɗumame. Ku gaishe shi da ladabi, kakanku ne. Wanda na ji ya kira shi Mai Albarka, ni da shi ne, ni kaɗai nake da wannan izinin. Kuma kada wanda ya gaya masa na ce ba mugu ba ne.

Fatihu, na ga idonka yana komawa kan sif ɗin nan. Ta tsira daga kanal, ba a hannunka za ta mutu ba. Ku tashi, kowa ya je ya yi fitsari tukuna, don na gama shanya tabarma tun a kan Maharazu. Aziza, rufe min tuwon can da faifai, wancan mai tabon laka. Ku wuce ku kwanta.